Yadda Wakilin Rediyo Zai Aiko da Murya Mai Tsabta Daga Makka, Mina da Arfa

Idan watan Zulƙida ya kama, gidajen rediyo na Najeriya da Nijar da Ghana sukan tura wakilansu ƙasa mai tsarki domin su riƙa aiko da labarin alhazai, waɗanda ba su da halin turawa kuma sukan dogara da Hausawa mazauna Makka da Madina da Jidda, ɗalibai ko 'yan kasuwa, waɗanda suke da waya mai kyau da kuma bakin magana. Labarin da ake aikowa yakan cika, amma muryar da ke ɗauke da shi takan isa kunnen mai sauraro a wahalce, wani lokaci a tsage, wani lokaci a nutse cikin kugin na'urar sanyaya ɗaki, har tsohuwar da ta kasa kunne a ƙauye domin ta ji ko jirgin jiharsu ya sauka ta haƙura ta murɗa zuwa wata tasha. Na zauna a situdiyo ina karɓar irin waɗannan rahotanni, na kuma zauna a masauki a unguwar Masfala ta Makka ina aika su, kuma abin da na gani a ɓangarorin biyu shi ne cewa ingancin murya yana tabbata ne a daidai lokacin da ta shiga makirufo, duk gyaran da zai biyo baya kuwa lallaɓawa ce kawai.

Kafin a yi maganar abin da wakili zai yi, ya kamata ya san abin da ke jiran muryarsa a gida. Tsakanin teburin situdiyo da tiransimita akwai na'urar sarrafa sauti, wadda kusan kowace tashar FM take da irinta. Fitacciya a cikinsu ita ce Optimod, wadda Robert Orban ya fito da ita a Amurka a 1975, akwai kuma Omnia da wasunsu. Aikinta shi ne ta ɗaga sautin da ya yi ƙasa, ta danne wanda ya yi sama, ta raba sautin zuwa kashi-kashi daga mai kauri zuwa mai kaifi ta matse kowane kashi daban, sannan ta aske duk abin da ya nemi wuce iyaka, domin ƙa'idar FM ba ta yarda siginar tasha ta kauce fiye da kilohaz 75 daga tsakiyar zangonta ba (haz ma'aunin yawan kaɗawa ne a daƙiƙa ɗaya, kilohaz kuma haz dubu ne). Wannan na'ura ba ta san bambanci tsakanin muryar Alhaji da ƙarar fanka ba. Da zarar mai magana ya dakata domin ya ja numfashi, sai ta ga sauti ya yi ƙasa, ta jawo abin da ke bayansa ta cika gurbin da shi, shi ya sa ƙarar da wakili ya ji 'yar kaɗan ce a wayarsa take zama kamar injin niƙa a rediyo. Bayan haka, tiransimitar FM a Afirka da Turai tana ƙara wa sauti mai kaifi ƙarfi kafin ta watsa shi, kimanin desibel 10 a kilohaz 10 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne, yawan haz kuma shi ke nuna kaifinsa), akwatin rediyo kuma ya rage shi daga baya, saboda haka muryar da aka cika wa kaifi tun daga Makka ita ce ta farko da na'urar za ta aske, sai haruffan s da sh da ts su riƙa fita kamar ana yaga takarda. Tashoshin matsakaicin zango da gajeren zango kuwa hanyarsu ƙunci gare ta, abin da ke wucewa bai fi kilohaz huɗu da rabi ba, alhali FM tana ɗaukar har kilohaz 15.

Abu mafi arha kuma mafi amfani da wakili yake da shi shi ne tazarar da ke tsakanin baki da makirufo. Duk lokacin da aka rage wannan tazara da rabi, murya tana ƙaruwa da kimanin desibel 6, hayaniyar wurin kuwa tana nan yadda take. Wanda ya riƙe waya a tazarar kamu ɗaya daga bakin mai magana a titin Ibrahim Khalil bayan sallar Isha'i, lokacin da dubban mutane suke komawa masaukansu, taron ya ɗauka ba mutumin ba. A matso da makirufo zuwa kimanin santimita 10 zuwa 15, wato faɗin tafin hannu ko ɗan fiye, a kuma karkatar da shi gefen baki kaɗan. Karkatarwar tana da muhimmanci musamman a Hausa, domin yawancinmu da leɓe biyu muke furta harafin f, wasu ma kamar p suke fitar da shi, kuma iskar da ke biyo shi idan ta daki makirufo kai tsaye takan yi wani bugu wanda ba ya gyaruwa da sauƙi. Soson da ake rufe kan makirufo da shi yana rage wannan, a filin Arfa kuwa, inda iska ke kaɗawa ba shamaki, soso kaɗai ba ya isa, sai an ɗora masa mai gashi-gashin nan.

Game da irin makirufon, ra'ayina shi ne wakilin aikin Hajji ya nemi irin na hannu wanda ba ya buƙatar wuta, kamar Shure SM58 ko Sennheiser MD 46, domin yana jure zafi da ƙura da faɗuwa, kuma ba ya kwaso duk wani motsi da ke nesa. Ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga yana da amfani a ofis, amma mai harami ba shi da wuyan riga, kuma mayafin da ke kafaɗarsa ba ya zama wuri ɗaya, haka ma hijabin Hajiya yakan goge shi ya yi ta ƙaras-ƙaras. Idan waya kaɗai ake da ita, a gano inda ramin makirufonta yake, galibi a ƙasa kusa da wurin caji, a fuskantar da shi ga mai magana, a cire ta daga rigarta idan rigar ta toshe ramin, a kuma sa ta a yanayin jirgin sama kafin a fara, domin kira ɗaya daga gida yana iya katse hirar da aka sha wahala kafin a samu.

Sai ma'aunin ƙarfin ɗauka. A na'urar zamani sifiri shi ne rufi, kuma muryar da ta taɓa shi ta fashe ke nan, babu manhajar da za ta mayar da ita daidai. A saita yadda magana za ta riƙa kaiwa desibel 12 ƙasa da sifiri, idan ta yi tsalle ta tsaya a 6, domin Alhajin da ya fara magana a hankali yakan ɗaga murya da zarar an zo batun abinci ko motar da ta bar su a Muzdalifa. A kashe tsarin da ke daidaita ƙarfi da kansa idan na'urar ta ba da dama, tun da shi ma aikin na'urar gidan rediyon yake yi, wato jawo hayaniya a duk inda aka yi shiru. A ɗauka a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba, kilohaz 48, bit 24 idan akwai ko 16, a layi ɗaya ba sitiriyo ba. Kuma a riƙa sauraro yayin ɗauka. Wanda yake cikin harami ya yi amfani da ƙananan abin sauraro da ake cusawa a kunne, domin manyan da ke ratsa tsakiyar kai suna jawo tambayar da malaman tawaga ne za su amsa ta, ba injiniya ba.

Kowane wuri a wannan tafiya da irin ƙararsa. Ɗakunan masauki a Makka da Madina yawanci daɓen tayil ne ko marmara da bango mai santsi, murya tana dukansu ta dawo, sai rahoto ya fito kamar daga cikin randa aka karanta shi. Maganin shi ne a kashe na'urar sanyaya ɗaki na mintunan da za a yi karatun, bayan an nemi izinin abokan ɗaki, a ja labule a tsaya kusa da shi, ko a buɗe kabad ɗin da aka rataye kaya a karanta ana fuskantar tufafin, ko a lulluɓa da bargo, wanda abin dariya ne a ido amma a kunne kamar situdiyo yake. Motar da aka ajiye aka kashe injinta ita ma ɗaki ce mai kyau, sai dai a zafin Makka ba a daɗewa a cikinta. Tantunan Mina, waɗanda aka yi da yadin da ba ya kama wuta bayan gobarar 1997, ba su da amsa-kuwwa sosai, matsalarsu ita ce na'urorin sanyaya iska da ba a kashewa dare da rana, don haka a ja wanda za a yi hira da shi zuwa nesa da bakin na'urar, a sa makirufo ya ba ta baya. Hanyoyin ƙarƙashin dutse da ke kaiwa Mina da Jamrat suna da manyan fankoki masu ruri, kada a ɓata lokaci a yi hira a cikinsu. A Arfa da hanyoyin tafiya kuma akwai turakun da ke fesa ruwa domin rage zafi, feshin yana jiƙa soso ya dushe murya, yana kuma iya lalata na'ura.

Zafin kansa abokin gaba ne. A aikin Hajjin 2024 ma'aunin zafi a Masallacin Harami ya kai digiri 51.8, kuma waya takan kashe kanta tun kafin a kai haka idan rana tana dukanta ana kuma ɗaukar murya da ita. A ajiye ta a inuwar lema, kada a ɗauki murya tana jone da caji, a kuma riƙe batura na ajiya a jakar hannu.

Akwai wani abu da ya taɓa ba ni wahala wanda nake so abokan aiki su sani tun kafin su taso. Wata shekara wakilinmu ya aiko da hira daga masauki, a ƙarƙashinta akwai wani gurnani mai kauri wanda na gane na wutar lantarki ne, domin ya jona na'urarsa da wata caja mai arha yana ɗauka. Na sa matatar sautin da muka saba amfani da ita a gida, na datse haz 50, gurnanin bai ko motsa ba, na ƙara zurfin datsewar har muryar ta fara ramewa, yana nan. Sai da dare ya raba na tuna cewa wutar Saudiyya a haz 60 take kaɗawa, ba 50 irin ta Najeriya da Nijar ba. Gurnanin lantarki a can yana zaune ne a 60, da 'ya'yansa a 120 da 180, kuma a nan ne za a sa siririyar matata a cire shi. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne a zare caja a ɗauka da batir.

Kada wakili ya manta da ɗaukar sautin wurin shi kaɗai, na tsawon minti ɗaya ko fiye: talbiyyar ayari, takun mutane a hanyar Jamrat, hayaniyar kasuwa a Shara Mansur inda Hausa take tashi ta kowane ɓangare. Wannan sauti shi ne yake kai mai sauraro wurin, kuma shi ake shimfiɗawa a ƙarƙashin rahoto domin ya ɓoye wuraren da aka yanka, a desibel 15 zuwa 20 ƙasa da murya. Sai dai a kiyaye ladabi. Idan aka fara kiran salla a dakatar da hira, a ce, "Baba Alhaji, mu saurara a idar sannan mu ci gaba," domin lasifikokin Harami sun fi ƙarfin kowane makirufo, kuma bai dace a shimfiɗa kiran salla ko karatun Alƙur'ani a ƙarƙashin surutu ba, balle a yanke aya a tsakiya saboda lokaci ya ƙure. Shiga da kayan ɗauka na ƙwararru cikin masallatan biyu yana buƙatar izinin hukumomin Saudiyya, don haka a kammala wannan ta hannun hukumar alhazai tun da wuri.

Idan an koma masauki aka buɗe kwamfuta, manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ta isa duk aikin da ake buƙata. A fara da ajiye kwafin asali wanda ba za a taɓa ba. Sannan a yi yanka, a cire tari da maimaici, amma a bar numfashi, domin maganar da aka cire wa numfashi gaba ɗaya takan gajiyar da kunne. A yi hattara da wutsiyar kalma da farkonta, saboda Hausa harshe ne da tsawon wasali da karin sauti suke sauya ma'ana: "ya tafi" na labari da "ya tafi" na umarni rubutunsu ɗaya ne, ja da faɗuwar muryar ne suka raba su, kuma almakashin da ya ci rabin wasali yana iya mayar da labari umarni.

Bayan yanka sai tacewa. A zubar da duk abin da ke ƙasa da haz 80 ga muryar namiji, ko 100 ga ta mace, domin babu magana a can sai rurin motoci da bugun hannu a jikin makirufo. Idan murya ta yi kamar daga cikin kwali take fita, a rage desibel 2 ko 3 a tsakanin haz 250 da 400. Idan ba ta fita sarai, a ƙara kamar haka a tsakanin kilohaz 2 da 4, inda baƙaƙen magana suke bayyana, kuma wannan yanki ne yake tsira ko a gajeren zango. Sama da kilohaz 5 kada a ƙara komai, saboda dalilin da aka ambata game da FM, in ma harafin s yana sukar kunne a rage shi kaɗan a tsakanin 5 da 8. Ƙa'idata ita ce ragewa ta fi ƙarawa, kuma duk gyaran da ya wuce desibel 6 alama ce cewa ɗaukar ce ta lalace, a sake karantawa idan muryar wakilin ce.

Manhajojin cire hayaniya su ne inda aka fi yin ɓarna a 'yan shekarun nan. Mutum zai danna maɓalli ɗaya ya ji kugin ya ɓace, ya yi murna, bai lura ba cewa muryar ta koma kamar ta wanda ke magana a ƙarƙashin ruwa. Abin da ya fi damuna shi ne irin waɗannan manhajoji suna goge ɗan bugun da ke bambanta ƙ da k, da ɗ da d, da ɓ da b, sai "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa". A rage hayaniya da desibel 6 zuwa 9 kawai, a kuma yi hakan ga ƙarar da ba ta sauyawa, irin ta fanka, ba ga hayaniyar mutane ba. 'Yar ƙarar da ta rage a bayan murya mai rai ta fi shirun da aka saya da lafiyar harshe.

Matse murya, wato rage tazarar da ke tsakanin inda ta yi ƙarfi da inda ta yi rauni, a yi shi da sauƙin hannu: ninki 2 ko 3 bisa 1, yadda abin da ake dannewa ba zai wuce desibel 3 zuwa 6 ba. Dalili shi ne na'urar gidan rediyo za ta sake matse ta, kuma muryar da aka matse sau biyu da ƙarfi takan rasa hawa da sauka, ta zama kamar ana yi wa mai sauraro tsawa daga farko har ƙarshe. Daga nan sai a daidaita ƙarfin rahoton gaba ɗaya. Ƙungiyar gidajen watsa labarai ta Turai ta fitar da ƙa'idar R128 a 2010, wadda ta sa ma'auni a LUFS 23 ƙasa da sifiri (LUFS ma'aunin ƙarfin sauti ne yadda kunne yake jin sa), tare da sharaɗin kada ƙololuwar sauti ta wuce desibel 1 ƙasa da sifiri, kuma Audacity tana iya yin wannan lissafi da kanta. Abin da za a ɗora a intanet domin masu saurare a waya akan kai shi wajen 16. Ba kowace tasha tamu ce take bin wannan ƙa'ida ba, saboda haka wakili ya tambayi injiniyan tasharsa abin da yake so, ya kuma tsaya a kansa a duk rahotanninsa, domin kada mai gabatarwa ya riƙa kokawa da maɓalli a tsakiyar labarai.

Wurin aikawa ne aikin mutane da yawa yake zubewa. Saƙon murya na WhatsApp ana matse shi ƙwarai domin ya yi sauƙin tafiya, kuma abin da aka zubar a wannan matsewa ba ya dawowa. Idan aka sauke shi a situdiyo, aka mayar da shi MP3, aka gyara, aka sake adanawa, aka tura ta intanet zuwa tiransimita, kowane mataki yana ƙara cin wani abu, kamar takardar da ake ta yi wa hoton hoto. A aika fayil ɗin a matsayin takarda, wato Document a WhatsApp, domin ta wannan hanya yana isa yadda aka tura shi. Minti ɗaya na WAV a layi ɗaya, kilohaz 48 da bit 16, ya kusa megabait 6, wato rahoton minti uku zai kai 17, wanda ba komai ba ne a intanet ɗin masauki. A ranar Arfa da kwanakin Mina, lokacin da jama'a suka taru a wuri ɗaya kowa yana kiran gida, layukan STC da Mobily da Zain sukan yi nauyi, sai a mayar da shi MP3 sau ɗaya tak, a kilobit 192 ko aƙalla 128, wanda zai sauko da minti uku zuwa megabait 3 ko 4. Wanda zai yi haka ya bar ƙololuwar sauti a desibel 2 ƙasa da sifiri, domin MP3 yakan ɗan ɗaga ta.

Rahoton kai tsaye ta kiran waya yana wucewa ne ta hanyar da ba ta ɗaukar abin da ke ƙasa da haz 300 ko sama da 3,400, don haka wakili ya rage sauri, ya fitar da baƙaƙe, ya maimaita lambobi da sunayen jihohi, ya tsaya wuri ɗaya kada ya yi ta yawo. Ya kashe duk wata waya da ke kama tashar ta intanet a kusa da shi, domin tana baya da daƙiƙoƙi kuma za ta rikita shi. Injiniyan da ke gida shi ma ya tabbatar cewa abin da yake mayar wa wakili a kunne babu muryar wakilin a ciki. A kuma tuna cewa agogon Makka yana gaban na Kano da Yamai da sa'a biyu, labaran ƙarfe bakwai na safe a gida ƙarfe tara ne a can.

Kafin a danna aikawa, a cire abin sauraro a kunna rahoton ta ƙaramar lasifikar waya, a ajiye ta a nesa kamar yadda ake ajiye rediyo a kan tabarma, a kuma bar fanka tana juyawa. Idan an ji kowace kalma a haka, za a ji ta a shagon tela da cikin motar haya. A sa wa fayil suna mai ɗauke da ranar wata da wuri da tsawonsa, a haɗa shi da ɗan rubutu mai nuna kalmomin farko da na ƙarshe da sunan wanda aka yi hira da shi yadda ake furta shi, sannan kada a goge kwafin asali daga na'ura sai injiniya ya amsa cewa ya sauke, ya kuma saurara.